Kunne Kafin Ƙafa: Magana a Kan Koyon Rawar Salsa

A cikin raye-rayen da suka ratsa ƙasashen duniya a wannan zamani, har suka kai ana buɗe musu makarantu, ana biyan kuɗi ana koyonsu kamar yadda ake koyon kowace sana'a, da wuya a sami wadda ta kai rawar salsa yawan mabiya, domin kuwa tun daga Niyok har Landan, daga Tokiyo har Dakar da Akara da Ikko, mutum ba zai rasa wani zaure ba inda ake taruwa da dare ana taka ta. To, amma duk wanda ya yi nazarin yadda ake koyar da ita a yawancin waɗannan wurare zai ga wata illa da ta yi katutu, wato ɗalibai sun duƙufa wajen tara juye-juye da murɗe-murɗen hannu, suna kuma mujadala a kan wane salo ne ya fi wani, alhali kuwa mafi yawansu, in an sa musu kiɗan aka ce su nuna inda jimlarsa ta soma, sai su tsaya suna kallon ƙafafun na kusa da su. Ra'ayina shi ne an ɗauki al'amarin ta wutsiya. Ji shi ne asali, salo kuwa reshe ne, kuma wanda kunnensa bai san kiɗan ba, ko da ya haddace salo huɗu, bai fara rawa ba tukuna.

Ban jahilci cewa rawar da namiji zai riƙe hannun mace a bainar jama'a ba ta cikin ɗabi'unmu ba, hukuncinta kuma yana hannun malamai, su ne ma'abota wannan fage. Abin da ya ja ni ga maganar shi ne ilmin da ke ƙarƙashin rawar, ilmin auna lokaci da kunne, wanda jijiyarsa ta fito daga nahiyarmu ta Afirka, wanda kuma mai sauraro zai iya amfana da shi yana zaune a ɗakinsa bai ɗaga ƙafa ba.

Tushen wannan kiɗa yana tsibirin Kyuba, inda aka yi ƙarnoni ana sauke bayi daga ƙasar Yarabawa da Kalaba da Kwango don noman rake, ba a kuwa haramta bautar a can ba sai a 1886. Waɗannan bayin Allah, da aka raba su da kome nasu, ba a iya raba su da abin da ke cikin kunnuwansu ba. Sai gangunansu suka haɗu da molon Sifaniyawa da salon waƙarsu, aka haifi wani kiɗa a gabashin tsibirin da ake kira “son”, wanda ya shigo Habana a farkon ƙarni na ashirin. A shekarun 1940 wani makaho mai hikima, Arsenio Rodríguez, ya faɗaɗa ƙungiyar masu kiɗan, ya shigo da doguwar gangar nan da ake kira konga, da fiyano, ya ƙara yawan ƙahoni, kuma a kan wannan tubali nasa aka gina kusan duk abin da ya biyo baya. Daga nan kiɗan mambo ya bunƙasa, ya sami masauki a wani gidan rawa na Niyok mai suna Palladium, inda tun daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa rufe shi a 1966 Machito da Tito Puente da Tito Rodríguez suka riƙa kaɗa wa 'yan Kyuba da 'yan Porto Riko da baƙaƙen Amurka da Yahudawa da 'yan Italiya, duk a fili ɗaya. A 1964 wani mai busa sarewa ɗan Jamhuriyar Dominika, Johnny Pacheco, da wani lauya, Jerry Masucci, suka kafa kamfanin faifai na Fania, kuma wannan kamfani ne ya yaɗa sunan salsa a duniya. A tsakanin haka aka yi juyin juya hali a Kyuba a 1959, hulɗa ta yanke tsakaninta da Amurka, makaɗa suka daina kai da komowa, saboda haka rawar Habana ta bi tata hanya, ta Niyok ma ta bi tata. Wannan yankewa tana cikin manyan sabubban bambancin salo da ake ta jayayya a kansa yau.

Rukunin da ya riƙe dukan wannan gini abu ne ƙanƙani ƙwarai: 'yan sanduna biyu na itace mai tauri, ana buga ɗaya a kan ɗaya, ana kiransu kilabe. Bugu biyar rak suke yi, su sake maimaitawa, tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Idan aka raba jimlar kiɗan gida takwas, kamar yadda masu rawa suke ƙirgawa, to a ɗaya daga cikin fuskokinsa biyu bugun yana sauka a kan ɗaya, da tsakanin biyu da uku, da huɗu, sa'an nan shida da bakwai. Wannan shi ake ce wa uku-biyu. A ɗaya fuskar kuwa, wato biyu-uku, sai a juya shi, ya sauka a kan biyu da uku, sa'an nan biyar, da tsakanin shida da bakwai, da takwas. Abin mamaki a nan shi ne a cikin faya-fayai da dama ba za ka ji ƙarar sandunan ba sam, babu ma wanda ya riƙe su, amma mai fiyano da masu ƙaho da mawaƙi duk suna yi musu ɗa'a a zuci, har in wani ya saɓa musu, makaɗa kan ɗauki abin a matsayin aibi babba. Ke nan mai rawa yana bin wani mizani ne da sau da yawa ba a bayyana shi, sai dai a gane shi ta alamunsa.

Takun rawar kansa ba shi da wuyar bayani. A cikin ƙirge takwas ana yin taku shida: uku, a ɗan dakata, uku kuma, a sake dakatawa. Wahalar tana wajen gano inda ɗaya take, kuma akwai dalilin da ya sa sabon shiga yake ɓata a nan, dalilin da malamai kaɗan ne suke tsayawa su warware wa ɗalibansu. Kunnen da ya saba da kiɗan zamani na Turai da Amurka ya saba da cewa sautin da ya fi nauyi shi ne ke sauka a kan bugun farko. A salsa kuwa, babban molon nan mai kaurin murya da ake kira bas yakan tsallake ɗaya da gangan, ya buga tsakanin biyu da uku, ya sake bugawa a kan huɗu, yana riga jimla mai zuwa isowa. Mai konga shi ma yana marin fata a kan biyu da shida, ya saki murya biyu a buɗe a kan huɗu da takwas. Ɗalibin da ya bi abin da ya fi ƙara a kunnensa sai ya ɗauki huɗu a matsayin ɗaya, ya yi ta taku a karkace, yana zaton ƙafarsa ce ba ta da basira, alhali ƙafar ba ta yi laifin kome ba, abin da aka gaya mata ta bi. A ƙara da cewa kiɗan yana da sauri, yakan kai bugu 150 zuwa 250 a minti guda, sai a ga cewa babu sararin yin tunani a tsakiyar fage. Abin da kunne bai riga ya sani ba, ba zai koye shi a wannan lokaci ba.

Salon mutanen Kyuba ana kiransa kasino, ya kuwa samo asali ne a gidajen shaƙatawa na Habana a shekarun 1950. Masu yin sa suna kewaya juna ne, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙafa kusa da ƙasa, kafaɗa da ƙugu suna aiki. Yana da wani reshe mai ban sha'awa da ake kira ruweda, inda mutane da yawa ke yin da'ira, mutum guda yana kiran sunan juyin da za a yi, kowa ya aikata a lokaci ɗaya, ana musayar abokan rawa ana zagayawa. A ganina babu makarantar koyon kiyaye lokaci da ta fi wannan tsanani, domin wanda ya makara da bugu ɗaya tak ya ɓata da'irar duka, kuma ba ya bukatar kowa ya gaya masa.

A Niyok kuwa an gaji rawar Palladium ce, amma wanda ya tsara ta, ya sa mata ƙa'idoji da ƙirge har ta zama abin koyarwa a aji, shi ne Eddie Torres, ɗan asalin Porto Riko da aka haifa a birnin a 1950, wanda ya daɗe yana aiki tare da Tito Puente. A tsarinsa ana taku a kan ɗaya, biyu, uku, da biyar, shida, bakwai, amma takun da ake sauya alƙibla da shi yana sauka a kan biyu da shida, shi ya sa ake ce wa salon “a kan biyu”. Ana yin sa a kan miƙaƙƙen layi, cikin natsuwa da laushi, kuma yana da wani sashe da abokan rawa ke sakin juna, kowa ya nuna gwanintar ƙafarsa shi kaɗai. Salon Los Angeles, wanda 'yan'uwan nan uku 'yan asalin Meziko, Luis da Francisco da Johnny Vázquez, suka shahara da shi a shekarun 1990, shi ma a kan layi yake, sai dai yana sauya alƙibla a kan ɗaya da biyar, wato “a kan ɗaya”, yana da kaifi da nuni irin na dandamali, kuma da yake shi ya fi sauƙin kamawa ga baƙo, ya yaɗu ƙwarai a makarantun Turai da Asiya.

Sai kuma Kali, a ƙasar Kolambiya, birnin da mutanensa ke kiransa hedkwatar salsa ta duniya. Faya-fayan Kyuba da Niyok sun riƙa shigo musu ta tashar jiragen ruwa ta Buenaventura, suka sami karɓuwa a unguwannin ma'aikata, kuma an ruwaito cewa masu sa faifai a can sukan ɗauki wanda aka yi don ya juya sau 33 a minti su juya shi sau 45, saboda jama'a sun fi son sauri. Ko yau rawarsu haka take: jiki daga ƙugu zuwa sama a tsaye cak, ƙafafu kuwa suna gudu har ido ba ya iya bin su. Kowace shekara, daga 25 zuwa 30 ga Disamba, birnin yana yin babban bikinsa, makarantun rawa su fito kan titi.

Jayayyar da ta fi zafi a tsakanin masu wannan sha'ani ita ce ta mutanen “a kan ɗaya” da mutanen “a kan biyu”, kuma ta kai ga ta'assubanci, har wasu daga cikin na biyun suna da'awar cewa su kaɗai ne ke rawa a kan kilabe, sauran kuwa jahilai ne. Wannan da'awa ba ta tsayuwa idan aka auna ta da lissafin da na kawo a sama. A fuskar uku-biyu, sandunan suna bugawa a kan ɗaya da shida, ba sa bugawa a kan biyu ko biyar; ke nan mai sauya alƙibla a kan ɗaya da biyar ya dace da su sau ɗaya, mai sauyawa a kan biyu da shida shi ma sau ɗaya. A fuskar biyu-uku suna bugawa a kan biyu da biyar, ba sa bugawa a kan ɗaya ko shida. Nan ma kowanne ya sami rabo ɗaya. Hujjar gaskiya da mutanen Niyok suke da ita, kuma hujja ce mai ƙarfi, tana wajen konga, domin marin da mai ganga ke yi a kan biyu da shida yana haɗuwa da takunsu daidai, shi ya sa rawar tasu take da wani irin zama a cikin kiɗan wanda mai kallo yake ji ko bai san dalilinsa ba. Su ma mutanen “a kan ɗaya” suna da tasu: a nan jimlar waƙa take buɗewa, a nan ƙahoni suka fi shigowa, a nan kuma ƙararrawar ƙarfe mai kama da kuge take sauka, tunda ita tana buga ɗaya da uku da biyar da bakwai. Kowane ɓangare ya zaɓi makaɗin da zai bi ne a cikin ƙungiya ɗaya. Ni dai na fi jin daɗin kallon na Niyok, ba na ɓoye wannan. Amma na fi girmama wanda ke taka ɗaya yana sane da abin da yake bi a kan wanda ke taka biyu don kawai an ce masa ita ce ta manya, gama na biyun taƙlidi yake yi ba tare da fahimta ba.

Akwai kuma masu cewa ƙirge kansa bidi'a ce ta makarantu, tunda yaran Habana da na Kali ba su taɓa ƙirga kome ba, sun tashi ne kawai suka ga suna rawa. Gaskiya ne ba su ƙirga ba, amma sun yi shekaru goma suna jin kiɗan a gida da kasuwa da bakin titi kafin wani ya kira su gwanaye, wanda kuwa ya zo wa abin da girmansa ba shi da waɗannan shekaru. Ma'abota ilmin aruli sun san irin wannan mas'ala. Larabawa sun yi ƙarnoni suna tsara waƙa a kan ma'auni ba tare da sun san sunan bahari ko ɗaya ba, sai daga baya Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya zo ya fitar da ƙa'idojin, har ana ruwaito cewa sautin gudumar maƙera a kasuwa ne ya farkar da shi. Ƙa'idar ta biyo bayan ji ne, an kuwa ajiye ta don taimakon wanda bai sami jin tun yana yaro ba. Malaman da suka rubuta waƙoƙinmu na ajami sun yi amfani da ita, amma babu wanda ya ce mai yanka baiti gaɓa-gaɓa a kan allo ya zama sha'iri da wannan kaɗai. Haka ƙirgen salsa yake. Wajibi ne ga mai farawa, kuma wajibi ne ya yi nufin wuce shi, har ya kai matsayin da bakinsa zai yi shiru, konga ta riƙa ƙirga masa.

Malaman rawa suna da uzurinsu, kuma adalci ne a faɗe shi. Sukan ce ɗalibi ya biya kuɗinsa ne don ya koma gida da wani sabon abu da zai nuna, in ka zaunar da shi awa guda yana tafi da hannu, mako mai zuwa ba za ka gan shi ba, ga kuma kuɗin hayar zaure yana jira. Na yarda akwai gaskiya a ciki. Sai dai ɗaliban da aka cika wa kai da juyi hamsin ba tare da an gyara musu kunne ba, su ne kuma waɗanda ke zuwa wurin taro su ji kunya, su ga abokan rawa suna gudunsu, su yanke ƙauna bayan 'yan watanni. Saboda haka ko ta fuskar ciniki ma hasara ce. Mace mai bin jagorancin namiji a wannan rawa ba ta da abin dogaro sai lokaci: in ya ja hannunta kafin nauyinta ya sauka a kan ƙafar da ta dace, ko dai ta yi tuntuɓe ko kafaɗarta ta ji ciwo. Minti goma na sauraro a farkon kowane darasi ba zai kori kowa ba.

Yadda ake horar da kunnen kuwa ba asiri ba ne, haƙuri kawai yake so. A fara da kiɗa mai tafiyar hawainiya, irin tsohon “son” ko ca-ca-ca, wanda Enrique Jorrín ya fito da shi a Habana a farkon shekarun 1950, domin konga tana yin abin da take yi a salsa, illa iyaka a nan tana ba ka sarari ka ji ta. A ɗauki waƙa guda a yi ta maimaita ta, yau a bi konga kaɗai a manta da kowa, gobe a bi bas, jibi fiyano, har kunne ya iya zare makaɗi ɗaya daga cikin taron ya riƙe shi. Sa'an nan a koyi tafa bugu biyar na kilabe a kan waƙar, a gwada fuska ɗaya, a gwada ɗayar, za a ji wadda ta zauna da wadda ke faɗa da waƙar. A lura kuma da cewa waƙar salsa tana da sassa. Akwai shimfiɗa, akwai baitocin da mawaƙi ke rerawa a natse, sa'an nan a shiga sashen da ake kira montuno, inda jagora ke jefa magana 'yan amshi suna karɓa masa, abin da kunnen Bahaushe ba ya bukatar a yi masa sharhinsa. A daidai wannan gaɓa mai kaɗa ƙananan tagwayen ganguna yakan ajiye su ya ɗauki ƙararrawa, kiɗan ya ɗau zafi. Mai rawar da ya taka baitocin farko da ƙarfin da zai taka montuno, bai ji waƙar ba. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Game da tambayar da masu farawa suka fi yi, wato wane salo za su fara da shi, amsata gajeriya ce: wanda mutanen garin da kake suke yi, domin rawa ce ta jama'a, ba ta da amfani in babu wanda za ka yi ta da shi. A zauna a kansa har taku ya daina bukatar tunani. Bayan haka koyon wani salo yana da fa'ida babba, musamman ga wanda ya tashi daga ɗaya zuwa biyu ko daga layi zuwa da'ira, saboda yana tilasta masa ya saurari makaɗin da a da bai kula da shi ba. Wanda ya haɗa salo uku a watansa na farko kuwa, gaggawa ce, kuma ba zai riƙe ko ɗaya ba.

Wannan kiɗa ya daɗe da dawowa gida. Tun daga 1933 kamfanin His Master's Voice ya riƙa sayar da faya-fayan garmaho na Kyuba a Afirka ƙarƙashin lambar GV, kuma daga sauraronsu makaɗan Kinshasa da Barazabil suka gina rumbar Kwango. A 1964 gwamnatin Modibo Keita ta aika samari goma daga Mali zuwa Habana su koyi kiɗa, cikinsu har da Boncana Maïga mutumin Gao, wanda daga baya, a farkon shekarun 1990, ya haɗa mawaƙan Senegal da makaɗan Niyok a ƙungiyar Africando. A Dakar an kafa Orchestra Baobab a 1970, a 1974 kuma mawaƙiya Celia Cruz da makaɗan Fania suka yi wasa a Kinshasa, a bikin da aka shirya albarkacin damben Muhammad Ali da George Foreman. Yawancin waɗancan makaɗa na Kwango da Senegal ba su ji Sifaniyanci ba, ba su kuma sami malamin da ya ƙirga musu takwas ba. Faifai suka sa a gaba, suka saurara har suka gane.

Saboda haka ina kira ga malaman da ke koyar da wannan rawa, a duk inda suke, su ba kunne haƙƙinsa a cikin darasi kafin su ba hannu da ƙafa nasu. Kai kuma mai karatu, ko kana da niyyar taka rawar ko ba ka da ita, ka nemi waƙa ɗaya ta Arsenio Rodríguez ko ta Orchestra Baobab, ka zauna ka saurare ta sau da yawa, ka nemi inda mai konga yake marin fata, sa'an nan ka gwada tafa bugu biyar ɗin nan a kanta har su zauna.